Abin da Bango Bai Karɓe Ba: Bitar Maƙalar Glauert ta 1956

Zuba ɗan gari a faranti ka baza shi, sannan ka sunkuya ka hura iska a tsakiyarsa ta ƙaramin bututu. Tsakiyar za ta share fes, garin ya ja da baya ya yi zobe. Iskar da ka hura ƙasa ta nufa, amma da ta tarar da faranti ta rasa hanya, sai ta kwanta a jikinsa ta bazu, tana gudu manne da shi. Duk wanda ya taɓa hura wuta a murhu ya ga toka ta tashi ta gefe ya san wannan. Wannan gudu na iska yana da suna a ilimi, yana da lissafi, kuma akwai wata maƙala mai shafi 19 da kusan duk mai rubutu a kansa yake farawa da ambatonta. Ita nake so mu duba.

Sunanta The Wall Jet, marubucinta M. B. Glauert na Jami'ar Manchesta da ke Ingila. Ta fito a watan Disamba na 1956, a juzu'in farko na mujallar Journal of Fluid Mechanics, wadda George Batchelor ya kafa a shekarar domin masu nazarin motsin ruwa da iska. Daga wannan maƙala sunan ya kama bakin masana. Ni a nan zan kira abin tsartuwar bango, wato ruwa ko iska da ta tsarto da ƙarfi daga wata kafa, ta bi jikin wani shafaffen abu, alhali a ɗaya gefen nata akwai irinta da ke tsaye cik. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne ginshiƙi. Idan ka buɗe famfo a kan bahon da babu komai a ciki, ruwan zai bazu siriri a gindi, iska ce a samansa, wannan babi ne daban. Amma idan bahon cike yake, ka nutsa bakin tiyo ka saita shi ƙasa, ruwan da ke bazuwa a gindi yana gugar roba ta ƙasa, yana gugar ɗan'uwansa ruwa ta sama. Wannan Glauert ya ɗauka. Ya kuma kasa shi gida biyu: mai bazuwa ta kowace fuska kamar na farantinmu, da mai fitowa ta doguwar tsaga ya miƙe gaba, irin ruwan da ke kurɗawa ta ƙarƙashin ƙofar madatsa idan an ɗan ɗaga ta, ko sanyin na'urar sanyaya ɗaki da ke bin silin.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifin marubucin, Hermann Glauert, yana cikin manyan masanan lissafin fukafukin jirgin sama, ya yi aiki a Farnborough, littafinsa na 1926 ya daɗe ana koyarwa da shi, ya rasu a wani hatsari a 1934 ɗan nasa yana yaro. Mahaifiyarsa, Muriel Barker, ita ma masaniyar lissafi ce da ta yi aiki a wurin. Garin da marubucin ya yi aiki a cikinsa ma yana da nasa gadon, domin a Manchesta ne Osborne Reynolds ya yi gwajin nan na 1883, inda ya saki zaren rini a cikin bututun ruwa, ya nuna yadda gudu mai natsuwa ke rikiɗewa zuwa hargitsi idan sauri ya ƙaru. Lokacin kuma ya dace. A 1954 kamfanin Rolls-Royce ya tashi wata na'urar gwaji da ke ɗagawa sama tsaye da ƙarfin injin da ke feso iska ƙasa, injiniyoyi kuwa suna bukatar sanin inda wannan iska ke zuwa bayan ta daki ƙasa.

Ba za a ga gwanintar maƙalar ba sai an san inda gizo yake saƙar. Tsartuwar da ke tafiya a sarari, babu bango kusa, an riga an warware lissafinta: Hermann Schlichting ya yi a 1933, W. G. Bickley ya kammala a 1937. Asirinta guda ne. Tana tafiya tana jan iskar da ke gefenta, saboda haka yawanta yana ƙaruwa, gudunta yana raguwa, amma ƙarfin tunkuɗarta, wato yawan abin da ke tafiya idan an ninka shi da gudunsa, ba ya canzawa, tunda babu wani abu na waje da ke riƙe ta. Dukiya ce ɗaya, magada ne ke ƙaruwa. Da wannan abu guda da ba ya canzawa ake ɗaure sauran lissafin, a gano cewa mai fitowa ta doguwar tsaga, idan nisanta ya ninka sau 8, gudunta zai koma rabi, faɗinta ya ninka sau 4.

Sa bango a ƙarƙashinta, wannan dabara ta rushe. Ruwa ko iska da ke taɓa bango kai tsaye ba ya motsi ko kaɗan, sai shimfiɗar da ke bisansa ta ɗan motsa, ta bisanta ta fi ta, har a kai ga cikakken gudu. A kan wannan Ludwig Prandtl ya gina ka'idarsa ta siririyar shimfiɗar jikin bango a 1904. Ma'anarsa, bango yana karɓar haraji a kowane taku. Yawan abin da ke tafiya yana ƙaruwa saboda jan na gefe, ƙarfin tunkuɗa yana raguwa saboda gugar bango, babu ɗaya daga cikin biyun da ke tsaye. Mai lissafi yana neman amsa biyu, yadda gudu ke raguwa da yadda kauri ke ƙaruwa, ka'idar motsi kuma alaƙa ɗaya kawai ta ba shi tsakaninsu. Ya zama kamar mai awo da aka ba shi sikeli aka hana shi dutsen awo.

A nan Glauert ya yi abin da ya sa har yau nake ganin maƙalar ta cancanci a karanta ta da kanta, ba a tsaya ga taƙaitawar littattafai ba. Ya ce a ɗauki tsartuwar shimfiɗa-shimfiɗa. A kowace shimfiɗa a ƙirga ƙarfin tunkuɗar duk abin da ke samanta, a ninka shi da gudun ita wannan shimfiɗa, sannan a tara duka tun daga bango har inda motsi ya ƙare. Idan aka bi wannan hanya, sai gugar da ke tsakanin shimfiɗu ta yi ta soke juna, abin da ya rage ya dogara ga gudun da ke iyaka biyu kawai, na jikin bango da na can nesa. Duka biyun kuwa sifiri ne. Harajin bango yana nan, ana biyansa, amma a wannan ma'auni ba shi da nauyi. Jimillar da ta fito ba ta canzawa komai nisan tafiya. Layuka kaɗan ne a takarda, ɗalibin da ya iya lissafin tarawa na shekarar farko ta jami'a zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya, amma kafin a nuna maka ba za ka yi tsammanin akwai su ba. Na sha komawa kan wannan shafi, kuma duk komawa sai na ji irin daɗin da mutum ke ji idan ya ga gwanin magini ya ɗora bakan gizo ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiya.

Abin da ya biyo baya yana da saukin faɗa da alƙaluma. Ga mai fitowa ta doguwar tsaga, idan nisa ya ninka sau 16, gudu mafi ƙarfi zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, kauri ya ninka sau 8. Yawan abin da ke tafiya zai ninka sau 2, ƙarfin tunkuɗa ya koma rabi. Dubi waɗannan biyu na ƙarshe da kyau: ɗaya ya ninka, ɗaya ya rabu biyu, idan ka ninka su da juna ka koma inda ka fara. Abin da bango ya karɓa daga ƙarfi, daidai shi aka samu a yawa. Wannan shi ne fuskar da ido ke iya gani ta wannan ma'auni na Glauert. Ga mai bazuwa ta kowace fuska kuwa, faɗuwar ta fi tsanani, domin tana rarraba kanta a da'ira mai faɗaɗa: a ninki 16 na nisa, gudu ya koma kashi ɗaya cikin 64, kauri ya ninka sau 32. Abin ƙayatarwa, ka'ida ɗaya ce ta fito wa iri biyun, kuma Glauert ya warware ta a rubuce tsaf, amsar da za ka iya rubutawa a layi ɗaya. A fagen da galibin amsoshi sai an sa kwamfuta ta ƙirga, irin wannan ba ta da yawa.

Amsar tana zana siffa guda wadda ba ta sauyawa, sai dai ta miƙe ta faɗaɗa yayin da ake nisa. Daga sifiri a jikin bango, gudu yana hawa da sauri ya kai ƙololuwa kusa da bangon, sannan ya gangara a hankali har ya ɓace cikin iskar da ke tsaye. Ƙasan ƙololuwar ɗabi'ar shimfiɗar bango gare shi, samanta kuma ɗabi'ar tsartuwar sarari. Jini biyu ne a jiki ɗaya. Daga nan ne kuma babban giɓin maƙalar ya fito, domin kowane jini da irin ciwon da yake gada.

Glauert ya nuna mana yadda gudu mai natsuwa zai kasance idan ya zauna lafiya. Ko zai zauna lafiyar, maƙalar ba ta shiga wannan ba. Amsar kuwa ita ce da ƙyar yake zama. Tun 1880 Lord Rayleigh ya nuna cewa idan siffar gudu tana da wurin da lanƙwasarta ke juya fuska, to ƙofar tangal-tangal a buɗe take, gangaren saman tsartuwar bango kuma yana da irin wannan wuri. A can, shimfiɗa mai sauri tana zamewa a gefen mai jinkiri, ɗan motsi kaɗan ya isa ya sa iyakarsu ta fara kaɗawa, kaɗawar ta girma, ta naɗe kamar tabarma, ta zama jerin ƙananan guguwa. Wannan shi ne ciwon da Helmholtz da Kelvin suka bayyana tun ƙarni na 19, wani lokaci ma ana ganinsa a gajimare, ya jeru kamar ƙahonin raƙuman ruwa. Ɓangaren ƙasa kuma yana da nasa, wanda danƙon ruwan da kansa ke haifarwa, irin raƙuman da ake jingina wa Tollmien da Schlichting. A 1967 Chun da Schwarz suka ɗauki amsar Glauert suka yi mata lissafin girgiza, suka gano cewa tana fara tangal-tangal tun lambar Reynolds tana wajen 57 a ma'auninsu, kuma idan lambar ta ƙara hawa wata hanyar lalacewa ta biyu tana buɗewa. Lambar Reynolds awo ne na yadda ƙarfin gudu ya rinjayi danƙo, 57 kuwa ƙarama ce ƙwarai. Hurawar da ka yi wa garin nan a faranti ta wuce ta nesa ba kusa ba.

Wanda ke son ganin abin da maƙalar ta bari, ya nemi aikin Bajura da Catalano na 1975, a wannan mujalla dai. Sun sa wa gudun alamar da ido zai gani, suka bi shi mataki-mataki. Da farko ƙananan guguwa suna fitowa a jere a gefen sama. Sai biyu maƙwabta su kusanci juna, su zagaye juna, su haɗe su zama guda mai girma. Wannan babbar idan tana wucewa tana tsotsar shimfiɗar da ke jikin bango, har ita ma ta naɗe ta zama guguwa, amma mai juyawa ta kishiyar fuska. To, guguwa biyu masu juyi daban idan suka haɗa kafaɗa, kowace tana tura 'yar'uwarta gaba, sai su kama tafiya tare. Ja ludayi a saman ruwan randa ka cire, za ka ga 'yan ramuka biyu suna tafiya a jere ba mai tura su, to ita ce wannan. A tsartuwar bango, tafiyar tasu sama take nufa, sai gudun gaba ɗaya ya ɓamɓare daga bango ya yi tsalle cikin ruwan da ke tsaye. Daga nan tsarin ya watse ya zama hargitsi ta kowace fuska. Sai kuma bayan ya lafa, gudun ya koma ya kwanta a bango lumui, har wasu guguwa biyu su sake haɗewa a maimaita. A 1997 Gogineni da Shih sun sake bin wannan da kayan awo na zamani masu ɗaukar hoton gudun ƙwayoyi, suka ga waɗannan tagwayen guguwa suna fita daga bango.

Ina dogon bayani a nan ne domin a wurin mai aiki wannan tsalle shi ne labarin. Fukafukan da ke juyawa a cikin injin jirgin sama na zamani suna aiki cikin iskar da zafinta ya wuce wanda zai narka ƙarfensu, abin da ke kare su har da siririyar shimfiɗar iska mai sanyi da ake fesowa ta ƙananan kafofi tana bin jikinsu. Duk inda shimfiɗar ta ɗaga, wuta ta taɓa ƙarfe. Haka iskar da ke share raɓa a gilashin mota, haka wadda ake busar da takarda da ita a masana'anta. Idan bangon ma lanƙwasasshe ne, wata irin guguwa ce ke ƙaruwa, dogaye masu kwanciya a tsawon gudun kamar kunyoyin gona, waɗanda ake kira da sunan Görtler. Glauert a shimfiɗaɗɗen bango ya tsaya.

Duk da haka ban ɗauki wannan giɓi a matsayin abin da ya rage darajar aikin ba, dalilina kuwa a fili yake. Ba a cewa abu ya karkace sai an san yadda yake a miƙe. Chun da Schwarz siffar Glauert suka girgiza. Bajura da Szewczyk, da suka auna tsartuwar iska mai natsuwa a 1970, da siffarsa suka gwada abin da suka samu, kuma ta dace. Masu ƙirga wannan gudu da kwamfuta a yau sukan ɗora siffar tasa a bakin shiga, su ɗan taɓa ta, su zuba ido su ga guguwar ta fito. Wurin da lanƙwasa ke juya fuska, inda guguwar farko ke haihuwa, a cikin amsarsa yake zaune tun 1956. Abin da nake jin takaicinsa kawai shi ne bai ɗaga yatsa ya nuna wa mai karatu shi ba. Sakin layi ɗaya da ya isa, kuma ɗan garin Reynolds ne ya fi kowa cancantar rubuta shi.

Rabin maƙalar na biyu ya koma kan gudun da ya riga ya hargitse, wanda shi ne aka fi haɗuwa da shi a aikace. A nan ƙasar ba ta da tauri kamar ta farko. Babu wanda ya iya warware lissafin hargitsi daga tushe, saboda haka Glauert ya yi abin da mutanen zamaninsa ke yi: ya ɗauka cewa cakuɗar da guguwa ke yi tana aiki kamar wani ƙarin danƙo. A ɓangaren sama ya bi shawarar Prandtl, ya bar wannan danƙo daidai wa daida a faɗin shimfiɗar. A ɓangaren ƙasa ya aro ka'idar gugar bango ta Blasius, wadda daga awon bututu aka samo ta. Sannan ya ɗinke biyun a ƙololuwa, inda ya ɗauka cewa babu ja tsakanin sama da ƙasa. Abin yabo a nan gaskiyarsa ce. Ya bi lissafin har ya gano cewa ɓangarorin biyu ba sa girma da sauri ɗaya, don haka siffa guda mara sauyawa ba za ta samu cikakkiya ba, ya kuma faɗi haka ƙarara maimakon ya lulluɓe. Shekara ɗaya bayan haka, a 1957, P. Bakke ya buga awon da ya yi na mai bazuwa ta kowace fuska, siffar gudun ta zo kusa da abin da Glauert ya zana.

Sai dai ɗinkin yana da rauni, kuma a daidai wurin ɗinkin raunin yake. Awon da aka yi daga baya, wanda Brian Launder da Wolfgang Rodi suka tattara suka tace a farkon shekarun 1980, ya nuna cewa wurin da ja ke zama sifiri bai faɗa kan ƙololuwar gudu ba, ya fi kusa da bango. Dabarar ƙarin danƙo ba za ta taɓa iya ba da wannan ba, domin a tsarinta dole wuraren biyu su haɗu. Dalilin saɓanin kuwa guguwar nan ce dai. Manyan guguwa na sama ba sa tsayawa a iyakar da aka shata musu, suna kutsowa har ƙasan ƙololuwa ɗauke da halin sama. Bango shi ma yana miƙa hannu sama, yana danne kaɗawar da ke nufo shi, shi ya sa tsartuwar bango ba ta buɗewa da sauri kamar ta sarari: a tattarawar Launder da Rodi kaurinta yana ƙaruwa da kimanin 0.073 na nisan da ta yi, ƙasa da ta sarari da wajen kashi 30 cikin 100. Gida biyu da Glauert ya raba da katanga, ashe ƙofa a buɗe take tsakaninsu dare da rana. A ganina mai karatu na yau ya karanta wannan rabi don ya ga yadda mai hankali ke aiki da kayan da ba su cika ba, alƙaluman aiki kuma ya nemo su a wurin waɗanda suka zo daga baya.

Akwai kuma hakkin da ya kamata a sauke. Glauert ba shi ne farkon wanda ya taɓa wannan gudu ba. Förthmann ya auna hargitsattsen irinsa a Jamus a 1934. Tetervin ya ƙirga mai natsuwa a Amurka a 1948. N. I. Akatnov kuwa ya kai ga wannan amsa a Leningrad a 1953, shekara uku kafin Glauert, ya buga da Rashanci a lokacin da rubutun Tarayyar Sobiyat ba ya saurin isa Yamma. Shi ya sa wasu masana ke haɗa sunayen biyu idan za su ambaci amsar, kuma haka ya fi adalci. Wannan batu yana taɓa ni, domin duk mai rubutu da harshen da manyan mujallu ba sa karantawa ya san yadda aiki ke iya kwana a duhu. Abin da ya rage na Glauert shi kaɗai ba kaɗan ba ne: suna, haɗa iri biyu a ka'ida ɗaya, fito da ma'aunin da ba ya canzawa a sarari yadda kowa zai ɗauka ya yi aiki da shi, da yunƙurin kai lissafin har cikin hargitsi.

Ta fuskar rubutu, maƙalar ba ta da ƙawa, ba ta kuma da kumbura. Tana faɗin abin da za ta nema, ta nema, ta faɗi inda ta samu da inda ta gaza. Wanda bai saba da ka'idar Prandtl ba zai sha wuya a shafukan farko, don marubucin ya ɗauka cewa da abokan sana'a yake magana. Kada kuma mai karatu ya shiga yana sa ran hotunan guguwa, lissafi ne da zanen siffar gudu. Malamin da zai koyar da ita, shawarata ya fara da baho da tiyo da ɗan shuɗin wanki, ɗalibai su ga naɗewar da idonsu, sannan a buɗe takarda.

Mu da ke zaune a bakin Sahara muna da babban misalinta a sararin sama, duk farkon damina. Idan hadari ya haɗu, ruwan da ke zubowa daga gajimare yana ratsa busasshiyar iska, wani sashe ya ƙafe tun bai iso ba, ƙafewar ta sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa kamar an tuntsurar da tulu. Da ta daki ƙasa sai ta yi abin da iskar farantinmu ta yi, ta bazu ta kowace fuska tana bin doron ƙasa, a goshinta kuma akwai babbar guguwa kwance, naɗaɗɗiya, mai kwasar ƙura tana ɗagawa. Ita ce jar katangar nan da ke tasowa daga gabas kafin ɗigon farko, wadda mutanen Sudan ke kira habub. Tetsuya Fujita na Jami'ar Shikago, wanda ya binciki faɗuwar wani jirgin fasinja a New York a watan Yuni na 1975, shi ya fito da hatsarin ƙananan irin wannan faɗowar iska, waɗanda faɗinsu bai wuce kilomita 4 ba. Nauyin sanyi yana da hannu a tafiyar wannan iska, abin da babu shi a lissafin Glauert, amma injiniyoyin gini da ke kwaikwayonta a ɗakin gwaji da bututu suke yi, su feso iska kan shimfiɗaɗɗen allo, su auna tsartuwar da ke bin jikinsa. Siffar da suke samu tana da ƙololuwar nan da Glauert ya zana. Iskar yau da kullum ƙara ƙarfi take yi yayin da ake hawa sama, wannan kuwa ƙarfinta a ƙasa-ƙasa yake taruwa, kusa da inda gidaje da bishiyoyi da turakun lantarki suke. Shi ya sa kafin ruwa ya sauka ake jin kwanon rufi ya fara kaɗawa, mata suna rige-rigen kwashe shanya.